Ciniki Marar Iyaka da Iyakarsa: Bayani a kan Kuɗin Jona Data

Abin da wannan takarda ta ke nufin bayyanawa shi ne wata al'ada ta kamfanonin wayar salula, wadda ta daɗe tana jawo gardama a ƙasashen Turawa, ta kuma iso mana nan da wata kama dabam. Kamfani ya kan sayar wa mutum data ta wata guda, ya ce masa ba ta da iyaka, ya sha iyakar shansa. Amma ran da mutumin nan ya ce zai jona kwamfutarsa da wayar, ko kuwa ya sam ma abokin aikinsa, sai kamfani ya ce wannan kuma wani ciniki ne dabam, sai an ƙara kuɗi. In ba a ƙara ba ya toshe hanyar, ko ya rage mata gudu har ta zama ba ta da wani amfani. Tambayar da kowa zai yi ita ce, in dai ruwan ba shi da iyaka, ina ruwan mai sayarwa da irin ƙoƙon da aka sha da shi?

Mun zaɓi mu dubi al'amarin daga Challawa, gama a irin wannan wuri ne a ke ganin nauyinsa. Challawa tana kudu maso yamma da birnin Kano, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, dab da Panshekara. Tana cikin unguwannin masana'antu uku da a ke ambata tare, watau Bompai wadda ita ce ta fari, da Sharaɗa, da ita, an kuwa fi saninta da kamfanonin jima. Manyan masana'antu suna da halin jawo wa ofisoshinsu layin intanet na kansu. Amma a gewayensu akwai wata jama'a mai yawa da ke cin abinci a gindinsu: dillalan fata, da direbobin manyan motoci, da ƙananan 'yan kwangila, da masu POS, da akawun da ke rubuta wa mutane takardu. Ga waɗannan, waya ita ce ofis. Da ita a ke aika hoton kaya, da ita a ke ganin shigowar kuɗi, in kuwa aikin ya fi ƙarfin ɗan gilashinta sai a jona ta da kwamfuta a ci gaba. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 abin ya daɗa kankama. Saboda haka abin da wani a Amurka zai ɗauka ƙarin jin daɗi ne, a nan hanyar cin abinci ce.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita a kan suna. Kalmar da Turawa su ke kiran wannan aiki da ita asalinta igiyar da a ke ɗaure dabba a turke ce, domin da fari da igiyar waya a ke haɗa kwamfuta da salula. Yanzu igiyar ta kau, ta iska a ke yi, samari kuwa su kan ce "kunna mini hotsfot", ko su ce "sam mini data". Mu a nan za mu ce jonawa, tun da ya ke kalma ce da ta riga ta zauna a bakin masu aikin lantarki da na famfo, kowa kuwa ya san abin da a ke nufi in an ce wane ya yi jonin wuta daga gidan maƙwabci. Har ɗan zargin da ke manne da kalmar yana da amfani a gare mu, domin shi ne ainihin abin da a ke gardama a kansa: mai jonawa yana cin hakkinsa ne, ko yana cin na wani?

Mai karatu zai so ya san yadda kamfani ya ke gane an yi joni, alhali sim ɗaya ne, waya ɗaya ce. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce wannan. Duk abin da a ke aikawa ta intanet a kan yanka shi ƙunshi ƙunshi, kowane ƙunshi kuma yana ɗauke da wata lamba mai kama da guzurin matafiyi: kowane zango ya yada sai a cire ɗaya, in ta ƙare a jefar da shi, don kada ƙunshin da ya ɓata ya yi ta yawo har abada. Wayoyin Android da iPhone su kan fara da 64, kwamfuta mai Windows kuwa da 128. To, in kwamfuta ta bi ta cikin waya, wayar ta zama zango na fari, ta ci ɗaya. Da kamfani ya ga ƙunshi ya iso da 63 ko 127, ya san akwai wani a bayan wayar. Ban da wannan, a wasu ƙasashe wayar da kanta ta kan nemi izini wurin kamfani kafin ta yarda ta buɗe hotsfot, ko kuwa ta fitar da saƙon baƙo ta wata ƙofa dabam da ta mai gida. Akwai kuma duban wuraren da a ke ziyarta, gama akwai adireshin da waya ba ta zuwa sai kwamfuta. Masu wayo sun san yadda a ke gyara lambar nan, kamfanoni kuma sun san sun sani, haka a ke ta yi.

Abin lura shi ne, cikin duk dabarun nan babu wadda ta ke auna nauyin kaya. Dukansu tambayar da su ke yi ita ce, daga wace na'ura kayan ya fito? Gigabait guda da ta fito daga kwamfuta ba ta fi wadda ta fito daga waya nauyi a kan ƙarfen sabis ba, ko da ƙwayar zarra. To, mene ne hujjar kamfani?

Hujjarsa ba ta banza ba ce, ya kamata a ba ta hakkinta. Iskar da saƙon ya ke bi tana da iyaka. Kowane kamfani an yanka masa zangonsa cikinta, kamar yadda a ke yanka wa gidajen rediyo mita, kuma da tsada ya saya. A gwanjon Janairu na 2001, wanda ya buɗe wa Nijeriya ƙofar salula, dala miliyan 285 kowane kamfani ya biya. A na Disamba 2021, na zangon 5G, MTN da Mafab kowanensu ya biya dala miliyan 273.6. Ƙarfen sabis guda kuwa, duk waɗanda ke ƙarƙashinsa raba ƙarfinsa su ke yi a tsakaninsu, kowa ya ɗiba da yawa ya rage wa saura. Ga man dizal da a ke ƙonawa dare da rana don ƙarfen ya zauna a kunne, ga igiyar gilashi da a ke binnewa tun daga bakin teku a Ikko, inda manyan igiyoyin ƙarƙashin ruwa su ke fitowa, har zuwa Kano, tafiyar kilomita wajen dubu. Sai dai a nan akwai wata ƙa'ida da ba kowa ya ke kula da ita ba. Abin da ke cin kuɗin kamfani shi ne faɗin hanyar da zai gina domin sa'ar cunkoso. Da tsakar dare, sa'ad da hanya ta ke fayau, ƙarin gigabait bai ci masa kome ba, shi ya sa a ke sayar da datar dare da araha. Amma a sa'ar da ma'aikata suka taso daga aiki, kowa ya zaro wayarsa a bakin ƙofar masana'anta, a nan ne kowane mai ɗiba ya ke taka ƙafar ɗan'uwansa.

Challawa ɗin nan da kanta ta ba mu misalin da ya fi kowane dacewa. Daga kogin Challawa aka fara jawo wa birnin Kano ruwan famfo, a farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Ruwan famfo kuwa hanya biyu a ke sayar da shi. Ko dai a sa mita, kowa ya biya abin da ya sha, ko kuwa a yanka wa gida kuɗin wata, ya sha yadda ya ga dama. Wanda ya yanka kuɗin watan nan bai yi wauta ba. Ya riga ya yi lissafi a ransa: gida mai mutum kaza, wanka kaza, wanki kaza, girki kaza. Wani gida zai zarce, wani ba zai kai ba, a tsakani a fita. Ya ce ba iyaka ne domin ya san cikin mutum yana da iyaka, tulu ma yana da iyaka. Ran da mai gidan ya ja tiyo ya tsallaka katanga zuwa gidaje uku, ko ya bar 'yan garuwa suna cika jarkokinsu a famfonsa suna kaiwa unguwa, lissafin ya rushe, ko da ya ke ruwan bai sake launi ba.

Haka al'amarin data ya ke. Wanda ya sayar da data marar iyaka ga waya guda ya dogara ne ga iyakokin da bai faɗa ba: gilashin waya ƙarami ne, batirinta yana ƙarewa, mai ita idonsa biyu ne, kuma dole ya yi barci. Waɗannan su ne mitar da ba a gani. Kamfanin Netflix ya ƙiyasta cewa kallon sa'a guda ba ya wuce gigabait 1 in hoton na yau da kullum ne, ya kan kai 3 in mai kyau ne, ya kai 7 in mafi kyau ne. A kan gilashin da bai fi tafin hannu ba, na farkon ya isa. A kan babban talabijin kuwa sai na ƙarshen. Jonawa ita ce ta ke cire mitar nan. Saboda haka kuɗin joni, in an duba gindinsa, shaida ce a kan cewa kalmar "marar iyaka" tun fari da sharaɗi aka faɗe ta, sai dai ba a ɗaga murya wajen faɗin sharaɗin ba.

Amma fa hujjar nan a kan data marar iyaka kaɗai ta ke tsayawa. Da zarar an auna wa mutum da mudu, ta faɗi. Tarihin abin a Amurka ya nuna kamfanoni ba su tsaya inda hujjarsu ta tsaya ba. Tun 2009 wayar iPhone ta iya joni, amma kamfanin AT&T bai buɗe wa mutanensa ba sai a Yuni 2010, a daidai lokacin da ya daina sayar wa sababbin masu saye data marar iyaka. Ya sa gigabait 2 a kan dala 25 a wata, ya ce mai son joni ya ƙara dala 20. Dala ashirin ɗin nan kuwa da fari ba ta zo da ƙarin ko megabait guda ba. Watau mutum ya sayi mudu biyu, ya biya, sa'an nan a ce ya ƙara kusan kuɗin mudu biyun kafin a yarda ya zuba hatsin a ƙwarya maimakon buhu. Waɗanda suka riƙe tsohon tsarinsu marar iyaka kuwa aka ce sam ba su da joni, sai sun sake shi.

A Yuli 2012 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta sa kamfanin Verizon ya biya dala miliyan 1.25, domin ya nemi Google ya ɓoye wa mutanensa manhajojin da ke ba su damar joni ba tare da biyan dala 20 ba, alhali zangon da ya saya a gwanjon 2008 da sharaɗi ya saya, cewa ba zai hana mutane na'ura ko manhajar da su ke so ba. Abin sha'awa cikin sulhun nan shi ne inda aka ja layi. Masu data ta awo aka ce su yi joninsu ba ƙarin kuɗi; masu marar iyaka kuwa aka bar wa kamfani damar ya ci gaba da karɓa. Ga ganinmu layin nan a wurinsa ya ke. Bayan shekara uku, a Agusta 2015, shugaban T-Mobile na lokacin, John Legere, ya fito fili ya kira wasu masu sayensa ɓarayi. Tsarinsu marar iyaka ne a kan waya, da gigabait 7 na joni, su kuwa suka ɓad da sawun joninsu, har ya ce akwai mai kwasar terabait 2 a wata, watau gigabait wajen dubu biyu. Wannan kam ɗan garuwa ne a famfon gida, ba mai musu. Sai dai kamfanonin su ma ba su fita da hannu tsarkakke ba. A Oktoba 2014 hukumar kare masu saye ta ƙasar, FTC, ta kai AT&T ƙara a kan yana rage wa masu data marar iyaka gudu bayan sun ci abin da wani lokaci bai wuce gigabait 2 ba, ba tare da ya bayyana musu sosai ba; a 2019 ya yarda ya biya dala miliyan 60. T-Mobile ma a 2016 ya yi sulhu da FCC a kan dala miliyan 48 bisa irin wannan laifi. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

Akwai dalili na biyu wanda kamfanoni ba su cika son a ambata ba, ko da ya ke masana tattalin arziki sun daɗe da saninsa. A 1849 wani injiniya Bafaranshe, Jules Dupuit, ya yi nazarin abin da ya sa jiragen ƙasa na zamaninsa su ke barin taragun aji na uku ba rufi, da benci na katako. Ya nuna ba kuɗin rufin ne ya gagari kamfani ba. Tsoronsa shi ne, in aji na uku ya yi daɗi, mai halin biyan na biyu zai koma can. A kan wahalar da talaka ne don a tsorata mai kuɗi. Mai jona kwamfuta galibi aiki ya ke yi, aikin kuwa yana kawo masa kuɗi, saboda haka zai iya biyan fiye da yaron da ke kallon wasa. In aka bar joni kyauta, wa zai sayi layin ofis, wa zai sayi akwatin rauta, wa zai sayi sim na biyu? Wannan rarrabe farashi ba lalle ya zama zalunci ba; mai yiwuwa ne da kuɗin mai kwamfuta a ke sauƙaƙa wa yaron. Amma ma'aunin ɗanye ne ƙwarai. Akawun da ke aika takardar lissafi ta kwamfuta a rumfarsa ta bakin titin Panshekara bai ci ko kashi ɗaya cikin goma na abin da mai kallon fim a waya ya ke ci ba, ga shi kuwa shi ne ma'aunin zai kama.

To, yaya abin ya ke a ƙasarmu? Sa'ar da muka yi ita ce, cinikin data a Nijeriya tun asali na mudu ne. MTN, da Airtel, da Glo, da kamfanin da ya fara da sunan Etisalat a 2008 ya koma 9mobile a 2017, galibin abin da su ke sayarwa gigabait kaza ne na kwana kaza. Wanda ya sayi irin wannan ya kan kunna hotsfot ya sam ma wanda ya ga dama, kamfani kuwa ba abin da zai ce, hasali ma murna ya ke yi, gama mudun zai ƙare da wuri a dawo a sake saye. Rigimarmu ta fi karkata ga saurin ƙarewar data, da ƙonewar wadda ta rage in wa'adi ya cika, wanda ya sa Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ta ba da umurni a 2018, zamanin shugabancin Farfesa Umar Garba Ɗambatta, cewa a riƙa ɗora wa mutum ragowarsa in ya sabunta cikin kwanakin da aka yanka.

Duk da haka mun taɓa ganin ainihin wannan gardama, da wata riga. Waɗanda suka yi wayo a farkon shekarun 2010 za su tuna da zamanin BlackBerry. Datar da a ke sayar wa mai BlackBerry ta fi ta sauran wayoyi araha nesa ba kusa ba, domin saƙonta ya kan bi ta na'urorin kamfanin da ya ƙera ta, na ƙasar Kanada, a matse shi ya ƙanƙance, wayar kuma ba ta kallon fim ba ce. Lissafin gida mai tulu ɗaya ke nan. Da wayoyin Android suka yawaita, sai samari suka gano su sayi tsarin BlackBerry su sa sim ɗin a Android ko a modem, wasu har su kan sake lambar shaidar wayar don ta yi kama da BlackBerry. Kamfanoni suka yi ta toshewa, samari suka yi ta neman wata kafa, har kasuwar BlackBerry ta mutu da kanta. A Janairu 2022 aka kashe hidimar tsofaffin wayoyin gaba ɗaya. Irin wannan ɗauri bai ƙare ba, wuri ya sake. Akwai datar da ba ta aiki sai a WhatsApp ko Facebook ko YouTube, akwai wadda ba ta aiki sai da dare, akwai wadda a ke sayarwa don akwatin rauta kaɗai. A can an ɗaure data ga na'ura, a nan an ɗaure ta ga manhaja ko ga sa'a, amma igiyar ɗaya ce.

Tsarin da a ke kira marar iyaka kuwa, a wurinmu ya fi zuwa tare da akwatin rauta, musamman tun da MTN ya buɗe 5G a 2022, Kano tana cikin biranen farko, Airtel ya biyo baya a 2023. Akwatin nan dama don joni aka yi shi, saboda haka ba a hana rabawa. Inda iyakar ta ke ɓuya shi ne wata ƙa'ida da a kan rubuta da ƙananan baƙaƙe, cewa in an kai gigabait kaza a wata, ko a yini, za a rage gudu. Ba a yanke ruwan ba, an dai mayar da shi ɗigo. Ofishin da mutum biyar su ke aiki a kan akwati guda zai iya cim ma iyakar nan tun wata bai raba ba, daga nan kuwa hoton fata guda sai ya ɗauki lokacin shan shayi kafin ya tafi. Tun da NCC ta yarda a Janairu 2025 a ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari, bayan kamfanoni sun nemi ninki, kowane gigabait ya ƙara daraja a idon mai saye, sanin inda iyakar ta ke kuwa ya zama wajibi.

Malaman da suka karanta babin ciniki da na haya a fiƙihu za su ga al'amarin nan ba baƙo ba ne. An hana cinikin garari, watau wanda ba a san adadin abin saye ko siffarsa ba. Amma malamai sun yafe ɗan garari wanda ba makawa daga gare shi, misalin da su kan kawo kuwa shi ne shiga gidan wanka da kuɗi sananne alhali ba a san yawan ruwan da mutum zai zuba ba, da kuma sha daga salkar mai sayar da ruwa. An yafe ne domin al'ada ta riga ta yanka iyakar, bambancin mai sha da mai sha ba shi da yawa. Data ta waya guda tana iya shiga nan. Amma in bambancin ya kai tsakanin gigabait 10 da 2,000, al'ada ba ta isa ta tsare kowa ba, sai an ambaci adadi. A babin haya kuma ƙa'idar da ta shahara ita ce, wanda ya yi hayar dabba don ɗaukar wani kaya yana iya ɗora mata wani kayan mai nauyi daidai da shi ko ƙasa da shi, abin da aka hana shi ne ya ɗora mafi cutarwa. Abin dubawa nauyi ne. Mai jaki yana da iko ya ce kada a wuce buhu ɗaya, ya kuma faɗa tun a wurin ƙulla ciniki. Amma zai yi wuya ya sami hujjar ƙarin lada don an ɗora gero maimakon dawa.

Hukumomin zamani ma nan suka nufa, ko da ya ke da tuntuɓe. Asalin maganar a Amurka ya girmi salula. Kamfanin tarho na ƙasar ya daɗe yana hana a jona kowace na'ura da layinsa in ba tasa ba ce, har wani mutumin Texas, Thomas Carter, ya ƙera abin haɗa tarho da rediyon masu aikin haƙar mai, aka hana, aka yi shari'a, FCC ta yanke a 1968 cewa kowa yana iya jona abin da ya so muddin bai cuci layin ba. Daga wannan hukunci ne modem ya sami hanyar shiga gidaje. Dokokin daidaita hanyar intanet na ƙasar kuwa sun sha jifa: an kafa su a 2015, aka soke a 2017, aka maido a 2024, kotu ta rushe a Janairu 2025. Tarayyar Turai ta fi tsayawa wuri guda. Dokarta ta 2015 ta ba mai saye ikon amfani da na'urar da ya zaɓa, ƙungiyar hukumomin sadarwarta kuma ta bayyana a 2016 cewa hana joni yana iya zama karya wannan iko. A ran 2 ga Satumba 2021 babbar kotun Tarayyar ta yi hukunci a kan wani tsari na Vodafone a Jamus, wanda ya bar wasu manhajoji kyauta a kan waya amma yana cire kuɗinsu in ta joni aka bi. Kotu ta ce tsarin tun daga tushensa ya saɓa wa doka, balle reshensa. A nan gida, NCC ta fitar da ƙa'idojin aikin intanet a 2019, waɗanda suka hana toshe saƙo na halal ko rage masa gudu sai don gyaran cunkoso, a 2024 kuma ta umurci kamfanoni su sauƙaƙa tsare-tsarensu, su bayyana sharuɗɗan kowane ɗaya a fili. Wanda kamfani bai share masa hawaye ba yana iya kiran hukumar a lamba 622, kyauta.

Saura abu guda da ya shafi sashenmu kai tsaye. Sharuɗɗan nan galibi da Turanci a ke rubuta su, mai saye a Challawa kuwa da Hausa ya ke jin talla, da Hausa kuma mai shagon waya ya ke yi masa bayani. "Ba iyaka" a kunnen Bahaushe magana ce yankakkiya, ba ta da wani lungu, kamar a ce rijiya ba ta ƙafewa. Ƙa'idar rage gudun nan kuwa, in aka bi sunanta na Turanci kalma da kalma, sai a ce "ƙa'idar amfani bisa adalci", wanda ba zai gaya wa dillalin fata kome ba, zai ma iya ɗauka wa'azi a ke yi masa. Muna ba da shawara ga masu fassara, da malaman kwalejojin horon malamai da ke koyar da su, a ce mata "mudun wata", ko "mudun yini" inda da yini a ke aunawa, a bi ta da adadin gigabait a lambobi, da gudun da za a koma bayan mudun ya cika. Rabon da aka ware wa joni, inda aka ware, a ce masa "mudun joni". Tsarin da ke da ɗayan waɗannan biyu kuwa a kira shi "data marar yankewa", a bar "marar iyaka" ga wanda ba shi da ko ɗaya.